Wasanni a Hannun Na'ura: Wa Ke Riƙe da Bayanan, Wa Ke Cin Ribar?

A yammacin kowace Asabar da Lahadi, tun daga watan Agusta har zuwa watan Mayu, gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram kan cika maƙil da matasan da ke biyan kuɗin shiga domin kallon wasan da ake bugawa a Landan ko Madrid, a daidai lokacin da ake buga shi. Idan aka zura ƙwallo a raga, ihun murna ba ya sakin jiki kamar da, domin kowa ya san akwai wasu alƙalai zaune a wani ɗaki gaban allunan talabijin, kuma sai sun amince kafin a ƙirga ta.

Wannan ɗan jinkiri shi ne kaɗai abin da mai kallo yake gani da idonsa daga cikin babban sauyin da ya mamaye harkar wasanni a shekaru talatin da suka wuce. Fasahar sarrafa bayanai, wato amfani da kwamfuta da kyamara da intanet da tauraron ɗan adam wajen tattara bayani, adana shi, tace shi da kuma isar da shi, ta shiga alƙalanci da horarwa da cinikin 'yan wasa da watsa wasanni da caca, har ta kai ga babu wani ɓangare na sana'ar da ya tsira daga tasirinta.

Ga al'ummar da ke kallon ƙwallon Turai fiye da yadda take kallon nata, tambayar da ta dace ita ce ta rabo: wane ne ke tattara waɗannan bayanai, wane ne ke mallakarsu, kuma a aljihun wa ribarsu take ƙarewa.

Daga idon alƙali zuwa idon kyamara

Ƙwallon ƙafa ya makara wajen karɓar na'ura idan aka kwatanta shi da sauran wasanni. A guje-guje an daɗe ana auna lokaci da kaso ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ana kuma auna ƙarfin iska, kuma hukuncin na'ura shi ne na ƙarshe. A gasar duniya ta 2022 a birnin Eugene na Amurka, Tobi Amusan ta Najeriya ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da na ƙarshe, sannan ta yi 12.06 a na ƙarshe, amma ba a karɓi wannan na biyun a matsayin tarihi ba, saboda iskar da ke tura ta daga baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda da ita.

A wasan kurket da tanis kuwa, tsarin Hawk-Eye, wanda ke haɗa hotunan kyamarori da dama ya lissafa hanyar da ƙwallo ta bi da inda ta sauka, ya fara aiki a talabijin tun 2001, kuma a 2006 aka ba 'yan wasan tanis damar ƙalubalantar hukuncin alƙali da shi. A 2025 gasar Wimbledon ta sallami alƙalan layi baki ɗaya bayan kusan shekara 150 tana amfani da su.

Hukumar FIFA ta yi shekaru tana turjiya, bisa hujjar cewa ya kamata dokar wasan ta zama iri ɗaya tun daga filin unguwa har zuwa gasar cin kofin duniya. Abin da ya karya wannan turjiya ya faru ne a Afirka ta Kudu a 2010, lokacin da ƙwallon da Frank Lampard na Ingila ya buga ta daki sandar sama ta faɗa bayan layin ragar Jamus, duniya duka ta gani a talabijin, amma alƙalin wasa da mataimakinsa ba su gani ba. Jamus ta ci wasan 4 da 1, shugaban FIFA na lokacin Sepp Blatter ya nemi afuwa, kuma a 2012 majalisar IFAB, wadda ita ce mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta amince da na'urar layin raga.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da sarƙaƙiya: ana kafa kyamarori bakwai suna fuskantar kowace raga, kuma da zarar ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta sai agogon hannun alƙali ya girgiza cikin daƙiƙa ɗaya. Gasar Firimiyar Ingila ta fara amfani da ita a kakar 2013, gasar cin kofin duniya kuma a Brazil a 2014. Dalilin da ya sa ba ta jawo ce-ce-ku-ce ba shi ne tambayar da take amsawa ba ta da fuska biyu, domin ko dai ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba.

Na'urar VAR da iyakar abin da za ta iya

Lamarin ya bambanta da VAR, wato tsarin da wasu alƙalai ke zaune gaban bidiyo suna taimaka wa alƙalin da ke cikin fili. An shigar da shi cikin dokokin wasa a 2018, aka kuma taƙaita aikinsa ga abubuwa huɗu: ƙwallon da aka ci, bugun fenareti, jan kati kai tsaye, da kuma hukunta wani ɗan wasa a madadin mai laifi. Ƙa'idar ita ce ba ya tsoma baki sai inda aka tafka kuskure bayyananne, kuma alƙalin fili ne ke da maganar ƙarshe.

Magoya bayan Najeriya sun ɗanɗani zaƙinsa da ɗacinsa tun daga farko. A Rasha a 2018, a wasan da Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu, bidiyo ne ya ba Iceland fenareti, sai dai ɗan wasanta ya ɓarar. Kwanaki kaɗan bayan haka, a wasa da Ajantina, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a cikin da'ira, alƙali ya je ya kalli bidiyon da idonsa, ya dawo ya ce babu laifi. A gasar cin kofin duniya ta mata ta 2019 an sa Faransa ta sake buga fenaretin da ta ɓarar saboda bidiyo ya nuna mai tsaron ragar Najeriya Chiamaka Nnadozie ta bar layi kafin bugu, kuma da wannan ƙwallo ɗaya aka ci Najeriya.

Misali mafi ban mamaki shi ne na Bouaké a watan Fabrairun 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, inda Victor Osimhen ya zura ƙwallon da za ta mayar da sakamako 2 da nema, sai VAR ya janye ta, ya mayar da wasan baya ya ba Afirka ta Kudu fenareti saboda laifin da aka yi a ɗaya ƙarshen filin kafin a kawo harin. Hukuncin ya yi wa 'yan Najeriya zafi, amma daidai ne, kuma ƙasar ta tsallake daga baya a bugun fenareti.

Masu goyon bayan tsarin suna kafa hujja da cewa manyan kurakuran da ke sauya sakamakon gasa sun ragu ƙwarai, kuma mugun ƙeta a bayan idon alƙali ya zama da wuya. Masu suka kuma suna cewa ya kashe armashin murna, ya tsawaita wasa, sannan bai kawar da son zuciya ba, domin batun taɓa ƙwallo da hannu ko ƙarfin ture abokin karawa fassara ce ta ɗan adam, ko da an maimaita hoton sau goma. A watan Satumban 2023 an hana Luis Díaz na Liverpool halastacciyar ƙwallo a gidan Tottenham, duk da cewa alƙalan bidiyo sun ga ba satar gida ya yi ba, saboda kawai rashin fahimta a tsakaninsu da alƙalin fili.

Duk da haka, da ƙungiyar Wolves ta nemi a soke VAR a Firimiyar Ingila a 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 sun zaɓi a ci gaba da shi, yayin da Sweden ta ƙi shigar da shi babbar gasarta saboda adawar magoya baya, waɗanda ke da rinjayen ƙuri'a a ƙungiyoyinsu.

Domin rage jinkiri, an ƙirƙiro tsarin gano satar gida da taimakon kwamfuta, wanda aka yi amfani da shi a Qatar a 2022: kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin filin suna bin gaɓoɓi 29 na jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, sannan wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa domin a san ainihin lokacin da aka buga ta. Wannan na'ura ce ta tabbatar da cewa kan Cristiano Ronaldo bai taɓa ƙwallon da Bruno Fernandes ya ci Uruguay ba.

Afirka ta koyi darasi mai tsada game da na'urar da ba a tanadar mata abin da take buƙata ba. A wasan ƙarshe na gasar zakarun nahiyar a 2019 a Tunisiya, an soke ƙwallon da Wydad ta Maroko ta ci Espérance, 'yan wasanta suka nemi a duba bidiyo, sai aka tarar tsarin ba ya aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, maganar kuma ta kai har kotun ɗaukaka ƙarar wasanni kafin a tabbatar wa Espérance kofin.

Lokacin da ɗan wasa ya zama lissafi

Sauyin da ya fi alƙalanci zurfi yana faruwa ne a ofisoshin ƙungiyoyi, inda mai kallo ba ya gani. Kamfanoni irin su Opta, wanda aka kafa a Ingila a 1996, suna rubuta kowace taɓa ƙwallo a manyan wasanni: wanda ya buga, daga ina, zuwa ina, da wace ƙafa, da kuma abin da ya biyo baya. Daga tarin wannan bayani ne aka samar da ma'aunin da ake kira xG, wanda ke ƙiyasta yiwuwar bugu ya zama ƙwallo ta hanyar kwatanta shi da dubban bugu makamantansa. Fenareti, alal misali, yana shiga kusan sau uku cikin huɗu, bugu daga nesa kuwa da ƙyar yake shiga sau ɗaya cikin ashirin.

Amfanin wannan ma'auni shi ne yana raba sa'a da ƙwarewa, domin ƙungiya na iya cin wasa da bugu ɗaya tal alhali an fi ta wasa, kuma shugabannin da ke duban sakamako kaɗai kan kori koci nagari ko su sayi ɗan wasan da tauraronsa ya haska na wata uku kawai.

Tunanin ya samo asali ne daga wasan ƙwallon sanda na Amurka, inda ƙungiyar Oakland Athletics, mai ƙaramin ƙarfi, ta yi gogayya da masu kuɗi a farkon shekarun 2000 ta hanyar sayen 'yan wasan da alƙaluma suka nuna sun fi farashinsu daraja. A Ingila, Brighton da Brentford, waɗanda masu su suka yi arziki a harkar lissafin caca, su ne suka fi cin gajiyar wannan hanya. Brighton ta sayo Moisés Caicedo daga Ekwado a 2021 a kan kimanin fam miliyan 4, ta sayar wa Chelsea shi a 2023 a kan kuɗin da zai iya kai wa fam miliyan 115.

Hanyar ta ratso ta Najeriya ma, domin ƙungiyar Midtjylland ta Denmark, wadda ta yi suna wajen aiki da alƙaluma, ta daɗe da ƙawance da makarantar ƙwallo ta FC Ebedei da ke kudu maso yammacin ƙasar, kuma ta nan Paul Onuachu da Frank Onyeka suka shiga Turai, inda Onyeka ya wuce Brentford a 2021.

'Yar rigar nan baƙa mai kama da singileti da ake ganin 'yan wasa da ita a ƙarƙashin rigar wasa tana ɗauke da na'ura a tsakanin kafaɗu, wadda ke aiki da tauraron ɗan adam ta auna nisan gudu, yawan zabura da tsayawa, tare da bugun zuciya idan an haɗa ta da ma'auninsa. Ɗan wasan tsakiya kan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, kuma idan alƙaluman mako suka nuna jikinsa ya ɗauki nauyin da ya wuce ƙima, likitoci kan ba da shawarar a hutar da shi kafin tsoka ta yage.

Mafi muhimmanci ga matashin Afirka shi ne sauyin da aka samu wajen farautar 'yan wasa. A da sai wakilin ƙungiya ya hau jirgi ya zo ya zauna a gefen fili, amma yanzu rumbunan bidiyo irin su Wyscout, wanda aka kafa a Italiya, suna ba shi damar kallon duk wata taɓa ƙwallo ta ɗan wasa a ɗaruruwan gasa yana zaune a ofishinsa. Sakamakon haka shi ne gasar da ba a ɗaukar ta a bidiyo tamkar babu ita ce a kasuwa, kuma yaron da ke taka leda a cikinta, komai gwanintarsa, sai ya dogara da dillalin da zai yi masa alƙawari da baki, wanda a lokuta da dama yakan ƙare da karɓe kuɗin iyayensa.

Su kansu 'yan wasan Turai sun fara tambayar wane ne mai wannan bayani na jikinsu. A 2020 ɗaruruwan 'yan wasa a Birtaniya sun haɗu domin ƙalubalantar kamfanonin da ke sayar da alƙalumansu ba da izininsu ba, kuma a 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO ta fitar da kundin haƙƙoƙinsu a kan wannan batu.

Shekaru, rajista da kuɗin reno

Babu inda raunin adana bayani ya kunyata ƙwallon Afirka kamar a maganar shekarun haihuwa. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin rage shekaru bai taɓa rabuwa da gasar ba. A 2009, lokacin da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar kuma aka buga wasu wasannin a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da gwajin MRI, wato hoton ƙashin wuyan hannu da ke nuna ko gurbin girma ya gama haɗewa, alamar cewa mai shi ya wuce shekara 17.

A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Najeriya sun faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ce ta fitar da masu riƙe da kofin duniya daga neman gurbin gasar Afirka. Daga baya irin haka ta sami Kamaru, inda 21 cikin 30 suka faɗi. Likitoci da dama suna jan hankali cewa gwajin ba ma'asumi ba ne, domin wani yaron ƙashinsa kan haɗe da wuri, don haka akwai masu gaskiya da ake zalunta. Ainihin maganin yana ofishin rajistar haihuwa, a ƙasar da kusan rabin ƙananan yara ba su da takardar haihuwa ta hukuma.

Rajista kuma kuɗi ce tsabarta. Tun 2010 FIFA ta wajabta cewa duk cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa sai an shigar da shi a manhajarta ta intanet, inda mai saye da mai sayarwa za su rubuta bayani iri ɗaya kafin a amince. Doka ta tanadi cewa kashi 5 cikin ɗari na kuɗin irin wannan ciniki a raba shi ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasan tsakanin shekara 12 zuwa 23, kuma a 2022 hukumar ta buɗe wata cibiya a Paris da ke lissafa wannan haƙƙi ta biya shi kai tsaye, bisa tarihin ɗan wasan da ke cikin kwamfuta.

Ma'anar wannan ga ƙananan ƙungiyoyin unguwanni a Kano ko Jos ko Yamai a bayyane take. Idan yaron da suka rena ya kai ga cinikin fam miliyan 20, akwai fam miliyan 1 da za a raba wa waɗanda suka horar da shi, amma sai wanda sunansa ke cikin rajistar hukumar ƙwallon ƙasa ne zai samu. Kocin da ya shekara biyar yana saya wa yaro takalma daga aljihunsa, amma bai taɓa yi masa rajista ba, ba shi da hujjar da zai gabatar.

Kuɗin kallo da inda yake tafiya

Tauraron ɗan adam ne ya mayar da ƙwallon ƙafa babbar masana'anta. Yarjejeniyar talabijin ta farko da Firimiyar Ingila ta ƙulla a 1992 ta kai kimanin fam miliyan 300 na shekara biyar, ta cikin gida kuwa da ta fara a 2025 ta kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu, kuma a 'yan shekarun nan abin da gasar ke samu daga ƙasashen waje ya zarce na cikin gida. Wani ɓangare na wannan kuɗi daga naira da sefar masu gidajen kallo yake fitowa, ta hannun DStv a Najeriya da Canal+ a Nijar.

Sana'ar gidan kallo ta samar wa matasa da yawa abin yi, amma tana cikin matsi daga ɓangare uku: kuɗin tasha da ke ta hauhawa, tsadar man janareta tun bayan cire tallafin mai a 2023, da kuma wayar hannu, wadda ta ba kowa damar kallon wasa ta shafukan satar fasaha ko ya wadatu da gajerun bidiyo a Facebook da TikTok.

Hasara mafi girma ita ce ta gasar cikin gida. Yaron da ya haddace sunayen 'yan benci na Arsenal sau da yawa ba zai iya kawo sunan 'yan wasa biyar na Katsina United ko El-Kanemi Warriors ba, ba don ƙiyayya ba, sai don bai taɓa ganinsu a allo ba. Kano Pillars tana cikin 'yan ƙalilan da har yanzu ke iya cika filin Sani Abacha. A 2023 masu gudanar da gasar Firimiyar Najeriya sun fara gwajin watsa wasanni ta intanet da kyamarori masu bin ƙwallo da kansu ba tare da mai riƙe su ba, mataki ne mai kyau wanda nasararsa ta rataya a kan wutar lantarki da ƙarfin intanet a filaye da kuma ɗorewar yarjejeniya.

Wasannin gargajiya sun nuna cewa kyamara kaɗai tana iya buɗe kasuwa. Dambe, wanda a da labarinsa ke tsayawa a bakin waɗanda suka halarci fili da makaɗan da ke wasa 'yan damben ɓangarorin Kudu da Jamus da Guramada, yanzu miliyoyin mutane ne ke kallonsa a YouTube daga ƙasashen da ba su san Hausa ba, har kamfanoni sun fara shirya gasa da nufin sayar wa masu kallo na waje. A Nijar ma kokawar neman takobi, wadda aka fara a 1975, takan tsayar da ƙasar baki ɗaya a gaban rediyo da talabijin da waya. Abin da bai fito fili ba shi ne ko ɗan damben da ya sha naushi turmi uku yana samun rabo daga kuɗin tallan da bidiyonsa ke jawowa shekara da shekaru.

Caca a cikin aljihu

Alƙaluman da koci ke amfani da su, su ne kuma ke ciyar da kamfanonin caca, waɗanda ke sayen bayanin wasa daƙiƙa bayan daƙiƙa domin su sauya farashi ana tsakiyar wasa. A da mai caca sai ya je shago idon jama'a na kansa, yanzu kuwa manhaja ce a wayarsa, haɗe da asusunsa na banki, ba ta rufewa dare ko rana. Malamai da iyaye a arewacin Najeriya sun daɗe suna kokawa kan yadda jarin 'yan tireda da kuɗin makarantar ɗalibai ke zurarewa ta wannan kafa.

A 2024 hukumar Hisbah ta Kano ta ƙaddamar da rufe shagunan cacar ƙwallo, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a yankunansu, ba gwamnatin tarayya ba. Sai dai rufe shago ba ya taɓa manhajar da ke cikin waya, don haka matakin ya tsaya a rabin hanya muddin ba a shigo da bankuna da kamfanonin sadarwa cikin maganar ba.

Fasahar tana kuma kama masu cuwa-cuwa. A 2016 alƙalin wasa ɗan Ghana Joseph Lamptey ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal bisa zargin taɓa ƙwallo da hannu, alhali gwiwar Kalidou Koulibaly ta taɓa. Kamfanonin da ke sa ido kan kasuwar caca sun gano zubar kuɗi da ba a saba gani ba a kan wasan, FIFA ta dakatar da alƙalin har abada, aka sake wasan a 2017, Senegal ta ci ta wuce gasar cin kofin duniya.

Abin da ya kamata a fara da shi

Duk lokacin da aka yi rikici a filin wasa a Najeriya, aka doki alƙali ko aka zargi mai masauki da sayen wasa, sai kiran a kawo VAR ya taso. Kiran yana da tushe, domin Maroko da Masar sun riga sun shigar da shi gasarsu, kuma masu sharhi sun danganta rashin ko alƙali ɗaya daga Najeriya a gasar Afirka da aka yi a Côte d'Ivoire da ƙarancin gogewarsu a kan tsarin. Amma VAR yana buƙatar kyamarori da yawa, ɗakin aiki, wuta da ba ta yankewa da alƙalai masu lasisi a kowane wasa, kuma gasar da ƙungiyoyinta ke jinkirta albashi ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi a filaye goma a mako guda ba.

FIFA da kanta ta gane haka, shi ya sa tun 2024 take gwada wani tsari mai rahusa da ke aiki da kyamarori kaɗan, inda kowane koci ke da damar neman a duba bidiyo sau biyu a wasa, kuma ba ya rasa damarsa idan aka tabbatar da gaskiyarsa. Wannan ya fi dacewa da ƙarfin gasa irin ta Najeriya da Nijar.

Kafin ma a kai nan, akwai aikin da bai fi ƙarfin kowa ba. Ya wajaba hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohi su yi wa kowane yaro da ke ƙungiyar unguwa rajista a kwamfuta tun yana ɗan shekara 12, tare da takardar haihuwarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, sannan masu gudanar da gasa su mayar da ɗaukar cikakken bidiyon kowane wasa sharaɗin ba da lasisi, a adana shi a inda alƙalai da kwamitin ladabtarwa da masu farautar 'yan wasa za su iya samunsa. Gwamnatocin jihohin da ke zuba ɗaruruwan miliyoyin naira a ƙungiyoyinsu duk kaka su ware kaso kaɗan daga ciki domin wannan aiki, su kuma ɗauki matasan da suka karanta kwamfuta da lissafi a jami'o'in yankin su riƙe shi.